Wa Ya Koya Miki Kemistiri?

Tsafe,
12 ga Satumba, 2021

Zuwa ga aminiyata Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara da aikin asibiti. Kada ki yi wa rubutuna dariya, rabona da cika shafi da biro tun muna aji shida. Tunda aka ɗauke sabis ɗin waya a jihar nan na rasa wanda zan yi wa surutu, shi ya sa na ba Dogo direba wannan takarda ya miƙa miki a Sabon Garin Gusau.

Wasila ta rasu ranar Talata. Ɗiyar maƙwabtanmu ce, wadda na ɗinka wa kayan aure bara waccan. Ta haihu da hantsi lafiya lau, har an yi guɗa. Kafin azahar jini ya ɓalle mata. Babu wayar da za a kira mota, sai da ƙafa aka tafi nema. Ina zaune a gefenta da mafici a hannu. Ta ce mini, “Anti Hanatu, sanyi nika ji.” Ni kuwa na ci gaba da yi mata fifita, saboda ban san abin da zan yi da hannuna ba. Ko da motar ta iso, an riga an rufa Wasila da zane.

Kin san tun rasuwar mahaifiyata ni ake kira wankan gawar mata a unguwarmu, kuma ni ke ɗinka likkafani. Tef ɗin da na auna Wasila da shi na kayan aure, da shi na sake auna ta ranar Talata. Ita ce ta goma sha ɗaya da na wanke a shekara uku, kuma bakwai daga cikinsu haihuwa ce. Na gaji, Juwairiyya. Na gaji da a riƙa kirana bayan komai ya ƙare.

Ina so in shiga makarantar koyon jinya. To, ki gama dariyarki, sannan ki ci gaba da karantawa. Na san shekarata arba'in da ɗaya. Na tono takardar WAEC ɗina ta 1998 daga ƙarƙashin akwati, kyankyaso ya ci gefenta amma ya bar mini abin kunyar: Turanci, lissafi, bayoloji da fiziks duk C6, da kyar suka shige, kemistiri kuwa F9 zaune daram.

Tun da maigidana Abdullahi ya rasu gidan nan ya yi mini girma. Daga ni sai keken ɗinki, shi ma yanzu shiru, don an rufe kasuwa ba mai kawo aiki. Ke nas ce, kuma kina koyarwa a irin makarantar. Ki faɗa mini gaskiya, akwai ƙofa ko babu?

Ki gaida mutanen gida. Na bar ki lafiya.

Taki,
Hanatu Bawa

* * *

Sabon Gari, Gusau,
17 ga Satumba, 2021

Hanatu Tela,

Wa alaikumus salam. Na yi dariyar, ba zan ɓoye miki ba. Ke da kike barci a ajin kemistiri har malam ya jefe ki da alli! Amma da na zo kan maganar Wasila sai dariyar ta tsaya. Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari.

Ga gaskiyar da kika nema. Ana son kiredit biyar, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Kina da huɗu. Saura kemistiri, kuma akwai jarrabawar 'yan waje a ƙarshen shekara, zan cike miki fom. Maganar shekaru ita ce mai wuya, don kin wuce iyakar da muke ɗauka. Sai dai shugabar makarantarmu takan ware gurbi biyu duk shekara ga manyan mata da za su koma su yi aiki a garuruwansu. Za ta yi ritaya a watan Afrilu, wanda zai gaje ta kuwa ya sha faɗa a taro cewa makaranta ba gidan tsofaffi ba ce. Don haka bana ce kawai, Hanatu. Idan ta wuce ki, ta wuce ke nan.

Wata biyu da 'yan kwanaki gare ki, ki koyi abin da kika kasa a shekara uku. Ni kada ki dube ni, kemistirina ya bi ruwa tun tuni. Amma ke da kike da malamar kemistiri da kika haifa da cikinki? Mansura tana koyarwa a sakandaren 'yan mata a Bungudu, kuma an ce yara har tsoron jan bironta suke yi.

Na san abin da za ki ce: 'yar fari ce, ana kunya. Tun da aka yaye ta uwar mijinki Inna Zulai ta ɗauke ta zuwa ƙauyen Karakkai, ke kuma Allah bai sake ba ki wata haihuwa ba, kunya ta hana ki cewa a dawo miki da ita. Shekara ashirin da biyu ban taɓa jin kin kama sunanta ba, sai “yarinyar nan”, sai “ta Karakkai”. Ita kuma Yaya take ce miki kamar wata 'yar uwar nesa. Inna Zulai ta rasu bara, yarinya tana zaune ita kaɗai a gidan malamai. Wa ya rage da za ki ji wa kunya? Ki rubuta mata.

Ƙawarki mai faɗa miki gaskiya,
Juwairiyya

* * *

Tsafe,
22 ga Satumba, 2021

Aminiya,

Salama da gaisuwa. Na gode da fom, Allah ya bar zumunci.

Maganar yarinyar nan kuwa, ba zan iya ba. Ke a birni kika yi aure, kina kiran ɗanki na fari da sunansa har da ɗaga murya, ba za ki gane ba. Ranar da aka tafi da ita Karakkai mata sun cika tsakar gida suna kallon fuskata, su ga ko zan yi abin faɗa. Na ci gaba da tsintar shinkafa, ban ɗaga kai ba, aka yi ta yabona. Wannan yabon na riƙe har yau, don ban da shi ba abin da aka bar mini. Yanzu da wane baki zan je mata? Ban goya ta zuwa makaranta ba, ban taɓa yi mata kitso ba, sai da buƙata ta taso zan tuna ina da ɗiya? Kuma in zauna a gabanta tana ganin jahilcina?

Ga abin da nake roƙo. Na sayi littafi, na amsa tambayoyin babi na ɗaya da na biyu, ga su nan na haɗa. Ki aika mata a matsayin aikin wata mata daga Tsafe da kike taimaka wa. Kada ki faɗi suna. Ba ta san rubutuna ba, don ban taɓa rubuta mata ko layi ɗaya ba. Duk sallah kaya nake ɗinkawa in aika, ba tare da takarda ba. Ba ni da abin maƙale takardu, sai na bi gefensu da keke don kada Dogo ya watsar.

Idan kin ƙi, ba zan ji haushi ba. Zan dai fasa.

Taki,
Hanatu

* * *

Bungudu,
3 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga ɗalibar Tsafe, ta hannun Anti Juwairiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da girmamawa, don an ce mini kin girme ni. Sai dai a kan takarda ni malama ce, kuma ba na sassauci, ki yi haƙuri da jan biron.

Kin ci shida cikin talatin. Matsalarki ba ƙwaƙwalwa ba ce, hadda kike yi kamar mai karatun allo, ba ki tsayawa ki tambayi dalili. Ki ajiye littafin tukuna, ki shiga madafa. Idan miyar sure, wato yakuwa, ta yi tsami, me kike sa mata? Kanwa. To, abin da babi na biyar yake ta zagaye a kai ke nan: tsamin shi ne asid, kanwar ita ce bes, idan sun haɗu kowa ya kashe kaifin ɗan uwansa. Ki jiƙa zoɓo ki raba kofi biyu, ki matsa lemun tsami a ɗaya, ki zuba ruwan kanwa a ɗaya, ki rubuto mini launin da kika gani. Kada ki duba littafi, idonki nake so.

Daidaita ikweshan kuma, wanda kika faɗi gaba ɗaya, ki ɗauke shi kamar yankan yadi. Idan an ba tela yadi shida, riga da zane da ɗankwali da ƙyallen da ya zuba ƙasa, in an haɗa su dole su koma yadi shida. Ba abin da ke ɓata. Abin da ya shiga ta hagu, sai ya fito ta dama.

Zan riƙa aiko da tambayoyi ashirin duk mako. Ba takura ba ce a gare ni. Idan an tashi daga makaranta ɗakina shiru ne, kakata da ta rene ni ta rasu, ba ni da wanda zan dafa wa abinci. Aikinki zai rage mini yammaci.

Ki ci gaba da ɗinke takardun yadda kika yi, sun fi zuwa a kammale.

Malama M. Abdullahi

* * *

Tsafe,
7 ga Nuwamba, 2021

Zuwa ga Malama,

Bayan sallama da gaisuwa, ga aikin mako na biyar. Na ga kin ba ni goma sha huɗu cikin ashirin a na baya. Na daɗe ina kallon lambar, har na nuna wa akuyata don ba kowa a gidan.

Lissafin mol ya zauna mini yanzu, tunda kika ce in ɗauke shi kamar dozin na maɓalli. Teburin sinadarai na kwafe shi a bayan kalanda na rataye a gaban keke, ina taka keke ina bitarsa. Matan unguwa sun fara magana. Wata ta leƙo ta ga kofunan zoɓo jere a taga, ɗaya ja wur ɗaya ya yi duhu, ta fita ta ce na fara haɗa asiri. Wata kuma ta ce, “Wagga da furfura ta fara yi wa sallama, mi za ta yi da boko?” Na ci gaba da karatuna. Ranar Alhamis an kira ni wanka, na je, na dawo na buɗe babi na tara.

Malama, ki yafe mini shisshigi. Kin ce ba ki da wanda za ki dafa wa abinci. Kada wannan ya sa ki daina dafa wa kanki. Na lura rubutunki na makon jiya ya kwanta, kamar na wanda ba shi da lafiya. Akwai zazzaɓi a gari bana. Na ba Dogo yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa a ƙulli, ba wani abin kirki ba ne, ladan ɗaliba ne ga malamarta.

Wata tambaya, ba ta kemistiri ba. Mahaifiyarki tana da rai? Idan ba ki so, kada ki amsa.

Ɗalibarki ta Tsafe

* * *

Bungudu,
14 ga Nuwamba, 2021

Zuwa ga ɗalibar Tsafe,

Wa alaikis salam. Goma sha shida cikin ashirin. Har yanzu kina manta rubuta ma'auni a bayan lamba, kuma a jarrabawa za su yanke miki maki a kan haka.

Zazzaɓin ne, kin canka daidai, amma na warke. Yajin ya yi daɗi.

Mahaifiyata tana da rai. Ni 'yar fari ce, kin san yadda abin yake. Idan na je gaishe ta takan dubi bango ta ce, “An zo lafiya?” kamar da bangon take. Ban taɓa jin yadda sunana yake a bakinta ba. Ina ƙarama nakan ɗauka ba ta san shi ba ne, har na taɓa roƙon kakata ta aika mata da shi a takarda. Duk sallah tana aiko mini da kaya masu kyau, sai dai hannun rigar kullum ya yi mini tsawo, don ba ta taɓa auna ni ba. Nakan naɗe shi in sa haka nan. Ba na jin haushinta, an ce mini mutuniyar kirki ce. Kewarta dai nake yi, ko da yake ban san yadda ake kewar wanda ba a zauna da shi ba.

Saura kwana goma sha tara. Ki bar sabon babi, ki koma kan tambayoyin shekarun baya. Ranar jarrabawa ki karya kumallo kafin ki fita. Allah ya ba da sa'a.

Malama M. Abdullahi

* * *

Sabon Gari, Gusau,
10 ga Maris, 2022

Hanatu,

Ba doguwar gaisuwa yau. An dawo da sabis tun tuni, amma kwana biyu ina kiranki kin ƙi ɗauka, shi ya sa na koma wa Dogo.

Me kika yi mana haka? Kin ci C5 a kemistiri, kin ci jarrabawar shiga, kin zo ta tara cikin mutum fiye da ɗari biyu, yara sa'annin 'yarki suna bayanki. Saura ganawa da kwamiti kawai. Ni ban zauna cikin kwamitin ba saboda an san ke ƙawata ce, amma shugaba ta kira ni ofis ta ba ni labari tas.

Ta ce kin amsa komai da kyau, har kin ba su labarin Wasila. Sai Malam Bello, wanda zai gaje ta, ya ɗaga takardunki biyu ya ce, “Daga F9 zuwa C5, bayan shekara ashirin da uku a kan keken ɗinki. Baiwar Allah, wa ya koya miki kemistiri?” Kika ce wata malama ce. Ya ce wace malama, mene ne sunanta? Kika sunkuyar da kai. Sau uku yana tambaya, kina wasa da bakin mayafi. Ya rufe fayil ya ce ya san irin wuraren da ake sayen sakamako, kuma wanda ya sayi takarda yau, gobe zai kashe majinyaci.

Ban ga laifinsa ba, Hanatu. Ni ma da ban san ki ba haka zan zata. Mutumin da ya yi karatu da guminsa ba ya rasa sunan malaminsa.

Shugaba ta roƙa miki alfarma ɗaya. Ranar Alhamis mai zuwa, 17 ga wata, ƙarfe goma, ki zo da malamar da ƙafarta, da takardun da ta yi miki maki. Idan ba haka ba, za a ba wata gurbin, kuma kin san babu baɗi.

Zan iya ɗaga waya in kira Mansura yanzu, minti ɗaya ya isa. Ba zan yi ba. Wata shida ina yi muku dakon takardu kamar ma'aikaciyar gidan waya, na sauke. Wannan naki ne.

Juwairiyya

* * *

Tsafe,
12 ga Maris, 2022

Zuwa ga Malama, a Bungudu,

Assalamu alaikum. Wannan ba ta hannun Juwairiyya ta biyo ba, Dogo na roƙa ya wuce da ita har ƙofar makarantarku. Takarda ta huɗu ke nan, uku na yaga.

Na ci jarrabawar, C5. Ya kamata ki ji tun watan jiya, na kasa. Yanzu kuma an tsayar da ni a bakin ƙofa, saboda an tambaye ni sunan wadda ta koya mini na yi shiru, suka zaci sayen sakamakon na yi. Sun ce in zo da ke ranar Alhamis ƙarfe goma, in ba haka ba na rasa gurbin.

Ba mantawa na yi ba. Sunan yana bakina, ya zo har kan harshe. Shekara ashirin da biyu ina riƙe shi, ban san yadda ake sakinsa ba.

Ɗalibar Tsafe ni ce, Yayarki, matar marigayi Abdullahi. Na yaudare ki, na sa kin yi wata biyu kina wahala a kan wadda ba ta taɓa wahala a kanki ba. Wasiƙarki ta watan Nuwamba tana cikin akwatina. Na karanta maganar hannun riga ban san sau nawa ba. Duk shekara ɗiyar maƙwabta nake aunawa, wadda kuke sa'a ɗaya, sai in ƙara ɗan yatsa biyu, don a raina kullum kin fi ta girma. Wasila ce, wadda ta rasu. Ban faɗa wa kowa wannan ba, ko Juwairiyya.

Ranar da aka tafi da ke ban yi kuka a gaban mutane ba, amma shinkafar da nake tsinta ba a ci ta ba, don na kasa ganin tsakuwa. Na so in ce a dawo da ke da kika shekara biyar, na so da kika shekara goma. Kullum sai in ce bari sallah ta wuce.

Idan ba ki zo ba, ba ki yi laifi ba. Zan koma kan kekena, kuma abin da kika koya mini ba mai ƙwace shi. Na dai fi so ki ji daga gare ni.

Hanatu

* * *

Bungudu,
14 ga Maris, 2022

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina yi miki barka da C5. Da kin rubuta ma'auni a bayan lambobinki, da C4 ce.

Ba ki yaudare ni ba. Tun takardun farko na sani, kafin in karanta ko kalma ɗaya. Kekenki yana tsallake ɗinki ɗaya bayan kowane taƙi, kuma idan kin kai ƙarshe kina komawa baya sau uku ki daure zaren da hannu. Haka yake a bakin kowace rigar sallah da kika aiko mini. Ina yarinya a Karakkai nakan juya rigar in bi ɗinkin da yatsa, ina neman wuraren da ya tsallake, don nan ne kaɗai na san hannunki ya tsaya ya gyara. Da Anti Juwairiyya ta miƙo mini takardu na ga gefensu, nan take na gane hannunki.

Na yi shiru ne don na ga ta wannan hanyar kaɗai za ki yi mini magana. A wata biyu kin rubuta mini abin da ya fi na shekara ashirin da biyu. Kin tambayi lafiyata, kin ce in ci abinci. Na ji tsoron idan na ce na gane ki, za ki koma duban bango. Maganar hannun riga ma da gangan na rubuta, ki yafe mini.

Zan zo. Na nemi izini a makaranta, zan kwana gidan Anti ranar Laraba. Ki taho da takardun duka, ni ma ina da kwafin tambayoyin, kuma duk abin da malamin nan yake so ya tambaye ki a gabana, ya tambaya, na san abin da na koyar.

Amma ina da sharaɗi ɗaya, kuma ba na sassauci, kin sani. Ba zan gabatar da kaina ba. Zan shiga in zauna in yi shiru. Idan ya sake tambaya wa ya koya miki, ke za ki amsa, ina zaune ina ji. Idan kin sunkuyar da kai, ni ma zan sunkuyar da nawa, mu fito tare.

Ban taɓa roƙonki komai ba, Yaya.

M.

* * *

Gusau,
3 ga Afrilu, 2022

Mansura,

Assalamu alaikum. Kin ga na rubuta sunanki ma. Ga shi nan a sama.

Kin yi saurin komawa ranar nan, ban samu na ce komai ba. Da na ce musu, “Mansura Abdullahi, ɗiyata ce,” ban dubi Malam Bello ba, ban kuma iya duban ki ba. Juwairiyya ta ce mini kin fita kin daɗe a bayan ofis. Ni ma da na samu wuri da na daɗe.

An ba ni gado a ɗakin kwanan ɗalibai, mu takwas. Duk Mama suke ce mini, kuma idan na shigo sai hira ta mutu. Da yamma suna fita, ni ina zama da littafin sassan jiki, wanda ya fi kemistiri rashin kunya. Ba daɗi sosai, amma ba wanda ya kira ni wanka tun da na zo.

An ce mu ɗinka fararen kaya kafin ƙarshen wata. Zan je Tsafe ranar Juma'a in ɗinka nawa, saura ɗinki ɗaya in rufe keken. Sallah ta kusa, kuma na sayi yadi tun kafin azumi, ban yanka ba. Ki zo ranar Asabar in auna ki.

Mahaifiyarki,
Hanatu